Alawar Kaka

Dogo ɓarawo ne, kuma matsoraci. Satar tasa ba wata babba ba ce, alawar tsohuwa ce, wadda da ya buɗe baki ya roƙa da an ba shi. Tsoron ne babban laifinsa. Ya ga yarinya ƙarama tana jelar banɗaki, ya ga matar yayansa tana gab da rasa aikinta, ya san dalili sarai, ya ja bakinsa ya tsuke. Wanda ya ga wuta ta kama gida, ga ruwa a hannunsa, ya ƙi watsawa don kada a tambaye shi inda ya ɗebo ruwan, shi da wanda ya ƙyasta ashanar jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Gidan a hawa na biyu yake, ɗakuna uku da falo da kicin, banɗaki guda ɗaya tak. Maigidan direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a kan titi fiye da a kan gadonsa. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Kaka, tana ɗakin da ke jikin baranda. Ƙaninsa Dogo, mai gyaran wutar lantarki, yana ƙaramin ɗakin bakin ƙofa, shi da tsaninsa da tulin wayoyi. Sai matar gidan da 'yarta mai shekara shida, wadda ake ce wa Tsuntsuwa saboda yadda take tsakurar abinci kamar mai jin tausayinsa.

Matar gidan kuku ce a wata makarantar firamare da ke ciyar da yara da rana. Yaran makarantar ne suka sa mata Anti Kuku, sunan ya biyo ta gida, har surukarta ma Kuku take ce mata. Tana son aikin nan, so na gaske. Tana son sanyin kicin ɗin da sassafe kafin a kunna murhu, da manyan tukwane a jere suna ƙyalli, da farar rigar aiki da hular da ke rufe gashi. Tana son lokacin da yara ke shigowa a layi, kowa da farantinsa, masu wayo suna kashe mata ido don ta ƙara musu miya. Shugabar makarantar mace ce mai tsanani, da kanta take duba farcen masu girki. Tana da doka guda da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: duk wadda gudawa ta shiga gidanta, ko ita ce ko ɗanta, ba ta taka kicin sai cutar ta fita. Kuku ba ta taɓa ganin laifin dokar ba. Wadda ke ciyar da 'ya'yan mutane ba ta da hujjar wasa da hannunta.

Kaka tana da ciwon sukari, ita kuwa tun tana yarinya da son zaƙi aka san ta. Ranar da likita ya hana ta, sai da ta yini ba ta kula kowa ba. Da maigidan ya dawo daga wata doguwar tafiya, sai ya zo mata da babban gwangwani cike da alawa irin wadda ba a sa wa sukari, wani abin zaƙi na daban ake zuba mata. Kaka ta rungume gwangwanin kamar jika, ta sa aka ɗora shi can saman durowa a ɗakinta. Guda ɗaya take sha bayan abincin yamma, ta daɗe tana juya ta a baki, ido a lumshe. Da yake gwiwa ba ta barinta miƙewa, durowar kuma ga tsayi, Dogo ne ke ɗauko mata. Allah ya ba shi tsawo, ba ya neman kujera.

Daga nan ɓarnar ta fara. Ɗaya ta Kaka, ɗaya tasa. Bayan 'yan kwanaki aka koma ɗaya ta Kaka, damƙi guda nasa, yana tafiya wurin aiki aljihu na ƙara. Wata rana Tsuntsuwa ta leƙo ta gan shi hannu dumu-dumu cikin gwangwani. Uwarta ta hana ta alawa tun da aka cire mata ruɓaɓɓen haƙori, Dogo kuma ya sani. Amma sai ya durƙusa ya cika mata tafin hannu.

Ya ce, "Wannan ba ta cikin wadda Mamanki ta hana. Babu sukari a ciki, kusan magani ce. Amma kada ki faɗa, tsakanina da ke ne."

Ya kuma yarda da maganar tasa, don mai kwaɗayi shi ne farkon wanda ke gaskata ƙaryar kansa.

Kuku ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da ta sani shi ne, wata safiya tana ɗaura wa yarinyar igiyar takalmi, sai Tsuntsuwa ta ce, "Mama, cikina yana ta magana."

"Me yake cewa?"

"Ƙurrr yake cewa."

Kaka daga baranda ta ce, "Yunwa ce, ƙawata. Cikin da ba a ba shi haƙƙinsa dole ya kai ƙara."

Aka yi dariya. Amma da Kuku ta ɗaga rigar ta taɓa, sai ta ji cikin ya yi tam kamar ganga. Kafin su kai ƙofa yarinyar ta fizge hannunta ta ruga banɗaki. Kafin rana ta take, ta koma ya fi a ƙirga. Babu zazzaɓi, babu amai, sai murɗa da iska da ruwa tsululu.

Akwai masu girkin da za su yi shiru su zura farar riga su tafi aiki, wa zai sani? Kuku ba ta cikinsu. Ta kira Shugaba a waya ta faɗa mata.

Shugaba ta ce, "Kin kyauta da kika faɗa. Zauna ki kula da ita, zan samo wadda za ta riƙe miki tukunya. In ta tsaya ki dawo."

Kuku ta ɗauka abin na kwana biyu ne. Ta haɗa ruwan gishiri da sukari. Ta koma tafasa ruwan sha. Ta fito da duk kwanukan kicin ta wanke da ruwan zafi, ta goge firij ciki da bai, ta zubar da ragowar madara. Abincin yarinyar ya koma farar shinkafa da ayaba da gasasshen burodi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ta kai ta asibiti. Likita ya danna cikin, ya tambayi abin da take ci, Kuku ta lissafa masa komai, wato komai ɗin da ta sani. Aka yi gwajin bayan gida, aka ce babu tsutsa, babu ƙwayar cuta. Likita ya ce a ci gaba da ba ta ruwa, a kuma sa ido sosai kan abin da ke shiga bakinta.

Da ta dawo ta cire mayafi tana faɗa wa Kaka. "Wai in sa ido, Mama. Ni da nake ciyar da makaranta guda, ni ake ce wa in sa ido a kan cikin 'yata."

Kaka ta ce, "To me kike so ya ce? Likita in bai ga cuta ba ai sai ya ba ki aiki."

Gaskiya dai kwanakin ba duka ne masu ɗaci ba. Tsuntsuwa ba ta kwanta ba. Tsakanin wannan zuwa banɗaki da wancan tana wasanta, tana jera murafan kwalba a baranda tana koya musu karatu, mai taurin kai ta juya shi ya fuskanci bango. Kuku ta daɗe rabonta da ganin hantsi a gidanta. Takan zauna bayan Kaka tana tsefe mata kai, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, can a titi mai gyaran keke na ƙwanƙwasa, mai kemis na share ƙofar shagonta. Kaka na ba ta labarin ƙuruciyar maigidan, yadda yake kifa kujera ya hau yana tuƙi, har ranar da ƙafar kujerar ta karye ya zauna yana kuka wai motarsa ta yi faci.

Kaka ta ce, "Ba don ciwon 'yar nan ba, da na ce ki yi zamanki kada ki koma. Na samu abokiyar hira."

"Mama, in ban koma ba ai tukwanena sa yi kuka."

"Tukwane dai? Ke ce za ki yi kukan."

Dogo kuwa ya zama ɗan taimako. Ruwan gishiri da sukarin nan Tsuntsuwa ba ta shan sa sai an kai ruwa rana. Amma in kawunta ya dawo daga aiki ya karɓi kofin ya ja ta ɗakinsa, sai ta fito da kofi wayam tana lasar baki. Kuku har godiya take masa.

"Kai kam ka iya da yara. Lokaci ya yi da za a nema maka mata."

"Ai ga ki, matar yaya. In Yaya ya ƙara mako a hanya sai in karɓi gidan."

"Fara karɓar wankin kwanonka tukuna."

Wata yamma ana cin abinci, sai aka ji wani ƙugi mai tsawo ya tashi daga inda Dogo ke zaune. Kowa ya ɗago kai.

Dogo ya dubi taga ya ce, "Babbar mota ce ta wuce."

Tsuntsuwa ta tafa hannu. "Kawu ma cikinsa yana magana!"

Kaka ta yi dariya har tana tari. Dogo bai yi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ture farantinsa da saura, ya ce ana jiransa, ya sauka matakala da wani irin sauri yana matse ƙafafu. Kuku ta bi shi da kallo. Ta lura kwanan nan wuyansa ya ƙara tsawo, wandonsa na neman zamewa, ga shi da gari ya waye sai ya fice ko shayi bai sha ba. Maƙwabciyarsu ma ta ce mijinta ya gan shi yana fitowa daga banɗakin gidan mai da ke bakin titi, ba sau ɗaya ba. In mutum biyu ne a gida ɗaya, to daga tukunya ɗaya ne, tukunyar kuwa tata ce.

Da ya dawo ta tare shi a ƙofar kicin. "Dogo, tsakaninka da Allah, kai ma cikinka ya ɓaci ne?"

"Ni? Lafiyata ƙalau, matar yaya. Aiki ne ya yi mini yawa."

Ya wuce ɗakinsa. Ita kuwa ta koma ta sake wanke allon yanka da ta riga ta wanke.

Ana cikin haka aka ba Dogo aikin jan waya a wani sabon gini a bayan gari, sai ya yi 'yan kwanaki can. Kafin ya tafi ya zuba wa Kaka 'yan alawoyi a ƙaramin faranti kusa da gadonta, wai don kada wani ya wahala da hawa kujera. Kaka ta yi ta sa masa albarka. Tafiyarsa ke da wuya cikin Tsuntsuwa ya fara saki. Ƙugin ya ragu, jelar ta tsaya, har ta nemi ƙarin shinkafa. Kuku ta fito da farar rigarta ta goge ta rataye a bayan ƙofa, ta kira Shugaba ta ce in Allah ya yarda farkon mako tana tafe. Ranar har waƙa take yi tana shanya.

Dogo ya dawo a ƙarshen mako. Washegari yarinyar ta koma gidan jiya.

Wannan karon muryar Shugaba ta sauya. Ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba. Wadda ke riƙe miki tukunya aikin dindindin take nema, kuma hannunta ba laifi. Ni ke nake so, amma kicin ba ya jira. In makon nan ya ƙare ba ki dawo ba, dole in ba ta."

Kuku ta ce ta gode, ta ajiye wayar. Ta tsaya tana duban farar rigar da ke rataye. Ta san da za ta ce yarinyar ta warke babu mai zuwa ya duba. Ta kuma san ba za ta faɗa ba.

Da yamma ta gaya musu a wurin cin abinci, murya a sanyaye, ba ta yi kuka ba. Kaka ta ajiye cokali. Dogo ya ƙura wa farantinsa ido ya ce, "Allah zai kawo mafita, matar yaya."

Addu'a a bakin wanda mafitar ke aljihunsa rainin hankali ce.

Washegari da hantsi, Dogo na wurin aiki, Kaka ta ga Kuku zaune bakin gado ta yi tagumi. Tsohuwar ta ce, "Cire hannun nan daga kumatu. Jawo kujera ki sauko mini da gwangwanina. Yau ke ma sai kin sha guda, baƙin ciki ba ya son zaƙi."

"Mama, ai taki ce."

"Tawa ce shi ya sa nake bayarwa. Hau."

Kuku ta hau kujera, ta sa hannu biyu ta tattara ƙarfi don ɗaukar abu mai nauyi. Gwangwanin ya taso sakayau, har ta kusa yin baya. Wani abu ya yi ƙwaram-ƙwaram a ciki. Ta sauko ta buɗe ta miƙa. Kaka, da yake idonta ya yi rauni, sai ta zura hannu. Hannun ya yi ta tafiya har gwiwar hannu kafin yatsunta su taɓa 'yan ragowar da ke ƙasa.

Ta ce, "Ikon Allah. Ɗana cike ya kawo mini wannan, murfin ma da ƙyar yake rufuwa. Ni kuwa guda nake sha."

A baranda an daina koya wa murafan kwalba karatu. Shirun ya yi yawa. Kuku ta juya ta ga Tsuntsuwa tsaye jikin ƙofa tana murza bakin rigarta.

"Zo nan. Ba dukanki zan yi ba. Kin san inda alawar Kaka ta tafi?"

"Ba alawa ba ce, Mama. Kawu ya ce kusan magani ce."

"Kawu ne ke ba ki?"

Ta ɗaga kai.

"Kamar yaya yake ba ki?"

Yarinyar ta haɗa tafukan hannunta biyu ta buɗe su kamar mai tarbar ruwa. Sannan ta ƙara da cewa, "Rannan ya ce ya daina. Da na ce zan faɗa wa Kaka sai ya ci gaba."

Ran Kuku ya ɓaci, amma tunaninta bai wuce haƙoran yarinyar da satar da aka yi wa tsohuwa ba. Kaka ce ta juya gwangwanin a cinya ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Mutum biyu ke shan abin nan da yawa, mutum biyu cikinsu ke magana. Sauka da shi wurin mai kemis ta duba mana."

Mai kemis mace ce mai fara'a, tabarau a kan hanci. Ta karɓi gwangwanin ta juya bayansa, ta kai shi kusa da haske.

Ta ce, "Ai ga shi nan. Abin zaƙin da ake sa wa irin wannan alawar, hanji ba ya iya shanye shi duka. Sai ya gangara ƙasa yana jawo ruwa cikin hanji, ragowar kuma ta yi tsami ta zama iska. Shi ne kumburin da ƙugin da gudawar. Guda ɗaya irin na Kaka ba ya damun yawancin mutane. Amma in aka cika, babba ma sai ya san ya sha, balle yarinya mai ɗan ciki kamar wannan. Sun ma rubuta a nan ƙasa, rubutu kamar ƙafar tururuwa."

"To ba cuta ba ce? Ba daga abinci ba ne?"

"In dai wannan ne, ba ruwan abincinki, kuma ba ya yaɗuwa. Maganinsa a daina. Ki ci gaba da ba ta ruwa, ki koma wa likitan da gwangwanin ya gani da idonsa." Ta miƙo shi, sannan ta dubi Kuku ta saman tabarau. "Amma ni na zaci kun sani. Dogon nan na gidanku ya zo tun wancan makon neman maganin tsayar da ciki. Da bakinsa ya tambaye ni ko alawa mara sukari na sa gudawa. Duk abin da na faɗa miki yanzu na faɗa masa. Har na ce ya nisanta ta da yara."

Kuku ta hau matakala a hankali, gwangwani a hammata. Ta zaci fushi ne zai fara zuwa mata. Sai ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ashe hannunta tsaf yake. Ashe ba ita ce ke cutar da 'yarta ba. Ta tsaya a tsakiyar matakala ta yi hamdala. Fushin ya zo daga baya, ya kuma zo da ƙarfinsa, amma bai hana ta shiga kicin ta ɗora girki mai kyau ba, da albasa da mai da duk abin da ta daina sawa don tsoro.

Dogo ya shigo da yamma, tsani a kafaɗa, yana cewa ƙamshin nan tun daga titi ya jiyo shi. Sai ya ga gwangwanin a tsakiyar tebur, murfi a buɗe. Ya tsaya da tsanin kamar an dasa shi.

Kaka ta ce, "Ajiye kayan ka zauna. Miƙo mini alawata, tun da kai ka saba."

"Mama, wallahi ni..."

"Bar rantsuwa, kada ka ƙara wa kanka kaya."

Ya zauna a bakin kujera. "Na ga babu sukari a ciki ne. Na zaci ba ta yin komai."

Kaka ta ce, "Da fari ka zata, na yarda. Jahilci ba laifi ba ne. Bayan mai kemis ta faɗa maka fa?"

Ya ce, "Na so in daina. Yarinyar ce ta matsa mini, ta ce za ta tona."

"Au! 'Yar shekara shida ce ta fi ƙarfinka? Duk tsawon nan na banza ne ke nan, falwaya ba waya."

Kuku ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na tare ka a ƙofar nan na haɗa ka da Allah, ka ce lafiyarka ƙalau. Dubi hannuna, wanki ya tsattsaga shi. Ina kallon 'yata ina cewa ni ce na ba ta abin da ya ɓata mata ciki. Jiya a teburin nan na ce aikina zai tafi, ka ce Allah zai kawo mafita."

"Matar yaya, ki yi haƙuri, kunya ce ta..."

"Yau babu matar yaya. Wasan da ke tsakaninmu ka ajiye shi tukuna."

Kaka ta jawo Tsuntsuwa jikinta. "Ke kuma ƙawata, buɗe kunne. Duk babban da ya ce kada ki faɗa wa uwarki abu, to wannan abin shi za ki fara faɗa mata, ko ni ce na ce. Kin ji?"

"Na ji, Kaka."

Aka kira maigidan a waya, ya saurara har ƙarshe daga inda ya tsaya shan mai, ya ce duk abin da Kaka ta yanke shi ke nan. Abu na farko da ta yanke shi ne, bakin da ya yi shiru shi zai je ya yi magana.

Da safe Dogo ya bi Kuku makaranta, yana rungume da gwangwani. Ofishin Shugaba na kallon ƙofar kicin, ƙofar kuma a buɗe, masu girki sun rage ƙarar wuƙaƙensu. Ya fara bayani kai a ƙasa.

Shugaba ta ce, "Ɗaga murya, bawan Allah. Tsawonka ya yi nisa da kunnena."

Ya ɗaga. Ya faɗi satar, ya faɗi yadda yake cika wa yarinya hannu, ya faɗi zuwansa kemis da shirun da ya yi bayan nan.

"Kai ma ka sha ke nan?"

"Na sha."

"Ya ka ji?"

Wata daga kicin ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata, sauran suka taya ta. Shugaba ba ta yi ba. Ta karanta bayan gwangwanin da kyau, ta mayar masa, sannan ta juya wurin Kuku.

"Doka dai doka ce. Ki kai ta likita ya tabbatar. In cikin ya tsaya, ya kuma ce ba abin da ke yaɗuwa ba ne, ki zo ki ɗauki ludayinki. Wurinki na nan. Wadda ta faɗa mini gaskiya alhali tana iya ɓoyewa ba na sakinta da sauƙi."

Likita ya ga gwangwanin ya girgiza kai, ya ce da an nuna masa tun farko da ba a yi ta gwaje-gwaje ba. Da aka daina alawar, cikin Tsuntsuwa ya lafa kafin mako ya ƙare. Ta koma makarantarta, ta dawo da labarai cike da baki, ta ci abinci har ta lashe faranti, Kaka ta ce in aka ci gaba a haka sai an sauya mata suna.

Kuku ta koma aiki da sassafe, kafin a kunna murhu. Ta miƙa wa Shugaba yatsunta aka duba farce, ta zura farar riga, ta sa hula. Wadda ta riƙe mata tukunya aka bar ta a wajen rabon abinci, suka kuwa shaƙu. Da rana yara suka shigo a layi, na gaba ya hango ta ya juya ya yi ihu, "Anti Kuku ta dawo!" Ranar duk wanda ya kashe mata ido sai da ya samu ƙarin miya.

Dogo kuwa, Kaka ta hana shi taka ɗakinta. Ta ɗora masa wankin banɗakin gidan safe da yamma, ta kuma ce ba zai ƙara cin abin da matar yayansa ta dafa ba sai zangon karatu ya ƙare. Haka aka yi. Ya wanke banɗaki, ya ci abinci a titi.